Copula: tambayoyi da amsoshi kan kalmar Latin da nahawu da manɗiƙi suka yi tarayya a kanta

Ɗaliban harshe a jami'a sukan ci karo da kalmar copula tun a zangon farko, ɗaliban falsafa kuma su same ta a darasin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, kowane ɓangare yana ɗauka tasa ce. Ga tambayoyin da aka fi yi game da ita, da amsoshinsu gwargwadon yadda kowace ta buƙata.

Mece ce copula a taƙaice?

Kalma ce da ke haɗa abin da ake magana a kansa da abin da ake faɗa game da shi, a jimlar da ba ta bayyana wani aiki. A Latin ana cewa Socrates est homo, wato Sokaratis mutum ne. Socrates shi ne abin da ake magana a kansa, homo shi ne abin da aka jingina masa, est da ke tsakiya kuwa ita ce copula. Babu gudu a jimlar, babu ci, babu bugu. Hukunci kawai aka yanke cewa wannan yana cikin wancan.

Daga ina kalmar ta fito?

Sunan mace ne a Latin, jam'inta copulae, kuma ana furta harafin farko kamar k. An gina ta daga co-, mai ma'anar tare, da wani tsohon aikatau apere, ɗaurewa ko liƙawa. Tun kafin masana su taɓa ta, kalmar yau da kullum ce a bakin Rumawa, tana nufin igiya, ko maɗauri, ko duk abin da ke riƙe abu biyu wuri guda. Mawaƙi Ovid ya yi amfani da ita ga igiyar da ake kwance wa karnukan farauta idan za a sake su. Horace kuma, a wata waƙarsa ta soyayya, ya yaba wa masoyan da irrupta copula ke riƙe da su, wato igiyar da ba ta tsinke ba. Bahaushen da ya san igiyar aure ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan.

Daga wannan tushe ne Faransanci ya sami kalmarsa ta ma'aurata ko abu biyu da ke tare, Turancin Ingilishi ya ara ta zama couple. Kalmar da likitoci da masana dabbobi ke amfani da ita ga saduwar namiji da mace ita ma daga nan take, abin da kan sa ɗalibai murmushi a aji.

To Rumawa ne suka fara amfani da ita a nahawu?

A'a. Masanan nahawun Latin na wancan zamani ba su kira est da wannan suna ba. Priscian, wanda ya koyar a Kustantiniya a farkon ƙarni na 6 kuma ya rubuta babban littafin nahawun Latin mai juzu'i 18, ya kira esse, tushen aikatau da est ta fito daga gare shi, da verbum substantivum, aikatau mai nuna zati ko samuwa. Wannan suna ya daɗe a makarantun Turai.

Sunan copula a matsayin kalmar fannin ilimi ya kafu ne a makarantun Faransa a ƙarni na 12, kuma an fi danganta kafuwarsa ga Peter Abelard, wanda ya rayu daga 1079 zuwa 1142, musamman a littafinsa Dialectica. Abin lura shi ne, Abelard malamin manɗiƙi ne. Daga manɗiƙi kalmar ta gangaro cikin nahawu, ba daga nahawu ta hau ba. Ingilishi bai karɓe ta ba sai a ƙarni na 17.

Idan Abelard ya kafa sunan, wa ya fara lura da abin?

Aristotal, wanda malaman zaure suka sani da Arisɗo, kusan shekara 1,400 kafin Abelard. A ƙaramin littafinsa kan jimla da hukunci, wanda Larabawa suka fassara da Kitabul Ibara, ya bambanta hanya biyu da kalmar Girkanci esti ke shiga jimla. Wani lokaci takan zo ta biyu ta tsaya ita kaɗai, kamar a ce mutum yana nan, akwai shi. Wani lokaci kuma takan zo ta uku, a ƙara ta a kan kalmomi biyu, kamar a ce mutum adali ne. Bai ba wannan aiki na biyu suna na musamman ba, ya dai kwatanta shi.

Boethius, ɗan babban gida a Rum wanda sarki Theodoric ya sa aka kashe wajen shekara ta 524, shi ya mayar da littafin Latin ya kuma yi masa sharhi. Ta hanyarsa Turai ta gaji maganganu biyu da suka zauna a bakin ɗalibai ɗaruruwan shekaru: secundum adiacens, idan est ta zo ta biyu tana nuna samuwa, da tertium adiacens, idan ta zo ta uku tana haɗawa. Homo est, akwai mutum, na farko ne, homo est iustus, mutum adali ne, na biyu. Abin da Abelard ya zauna a kansa shi ne tambayar da ta ɓuya a tsakani: idan na ce abu kaza est kaza, shin na riga na amince cewa abin yana da samuwa? Misalan da aka riƙa juyawa su ne Homerus est poeta, Homer mawaƙi ne, alhali ya daɗe da mutuwa, da jimloli game da chimaera, wata dodanniya ta tatsuniyar Girkawa da ba ta taɓa wanzuwa ba. Idan est tana ɗauke da samuwa duk inda ta je, waɗannan jimloli ƙarya ne. Idan kuwa haɗawa kaɗai take yi, gaskiya ne. Ware aikin haɗawa da ba shi suna nasa shi ne mafitar.

Me ya sa masu manɗiƙi suka damu da ita haka?

Saboda tsarin ƙiyasin Aristotal yana aiki ne da jimloli masu gaɓa biyu da za a iya musanya wurarensu. Kowane mutum mai mutuwa ne, Sokaratis mutum ne, saboda haka Sokaratis mai mutuwa ne. Kalmar mutum ta zo farko a jimla ɗaya, ta zo a matsayin abin jinginawa a ta biyu. Wannan ba zai yiwu da aikatau kai tsaye ba. Don haka suka ɗauki al'adar warware kowane aikatau zuwa copula da siffa: homo currit, mutum yana gudu, sai ta koma homo est currens, mutum mai gudu ne. Littafin nahawun Port-Royal da aka buga a Faransa a 1660 ya kai wannan ra'ayi ƙarshe, ya ce a haƙiƙa aikatau ɗaya ne tak a harshe, sauran duka shi ne haɗe da siffa. A ganina wannan ya wuce gona da iri, domin "Binta ta dafa tuwo" da "Binta mai dafa tuwo ce" ba magana ɗaya ba ce a kunnen kowa. Amma ga wanda ke son jera ƙiyasi, dabarar ta yi aiki.

Abu na biyu, a kan copula korewa ke sauka. Haruffa huɗu da ɗaliban manɗiƙi ke haddacewa don nau'o'in jimlolin tabbatarwa da na korewa, A, E, I, O, an ciro su daga wasulan affirmo, ina tabbatarwa, da nego, ina korewa. Kuma akwai bambanci tsakanin homo non est iustus da homo est non iustus. A ta farko an kore haɗin, a ta biyu an tabbatar da haɗin amma da siffa korarriya. Hausa tana nuna wannan a fili: "Audu ba mai adalci ba ne" daban, "Audu marar adalci ne" daban. Kana iya faɗin irin ta farko game da dutse ka yi gaskiya, tunda dutse ba mai adalci ba ne. Amma wanda ya ce dutse marar adalci ne ya ɗora masa laifin da bai san da shi ba.

Larabci ba ya da kalma irin est. Yaya malaman Musulunci suka yi?

Nan ne labarin ya fi daɗi. Duk wanda ya karanta Ajurumiya ya san "Zaidun ƙa'imun": mubtada da habar, babu komai a tsakani. Da masu fassara a Bagadaza suka zo mayar da Aristotal Larabci a ƙarni na 9 da na 10, sai suka tarar da kalma ta uku da ba ta da gurbi a harshensu. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya tattauna matsalar a Kitabul Huruf. Ya ce Farisanci yana da hast, Girkanci yana da estin, harshen Sogdiyawa ma yana da tasa, Larabci kuwa babu. Saboda haka wasu suka ɗauki wakilin suna huwa suka ɗora masa aikin, suka ce "Zaidun huwa adilun", wasu kuma suka zaɓi maujud. Sunan da suka ba wannan gaɓa shi ne rabiɗa, mai ɗaurewa. Ma'anarta ɗaya da copula, kuma ta riga Abelard da kusan ƙarni biyu. Ibnu Sina da waɗanda suka biyo shi sukan kira jimlar da aka bayyana rabiɗa a cikinta mai gaɓa uku, wadda aka ɓoye ta kuma mai gaɓa biyu.

Wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa tun tuni. Shaihu Almagili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, yana da waƙe kan manɗiƙi, har ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi, inda shi Almagili yake kare halaccin karanta fannin. Assullam na Al'akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, yana cikin littattafan da ake karantawa a zauruka. Almajirin da ya koyi maudu'i (abin da ake magana a kansa) da mahmuli (abin da aka jingina masa) da rabiɗa ya riga ya san abin da ɗan jami'a ke kira subiectum da praedicatum da copula, hanyar isowa ce kawai ta bambanta.

Ita Latin ɗin, dole ne a sa est a kowace jimla?

Ba dole ba. A karin magana da gajerun hukunce-hukunce ana yawan sauke ta. Marubucin Rum Cicero ya rubuta omnia praeclara rara, duk abu mai daraja ƙaranci gare shi, babu sunt, jam'in est, a ciki. Ars longa, vita brevis, sana'a doguwa, rayuwa gajera, ma haka. Hausa tana yin irin wannan a "haƙuri maganin duniya" da "sunana Ladi".

Ƙa'idar da ɗalibin Latin ke buƙatar riƙewa ita ce, abin da ya biyo bayan copula yana dacewa da abin da ake magana a kansa a jinsi da adadi da matsayi: puer bonus est, yaro nagari ne, puella bona est, yarinya tagari ce, pueri boni sunt, yara nagari ne. Ba ya ɗaukar siffar karɓau, domin ba a yi masa komai ba.

Shin "ne" da "ce" su ne copula ta Hausa?

Masana ba su yi ittifaƙi ba, kuma saɓanin yana da dalili. Philip Jaggar, a littafinsa na nahawun Hausa na 2001, ya kira su copula. Paul Newman, a babban littafinsa na shekarar 2000, ya kira su da sunan da ke nufin mai daidaita jimla ya tsayar da ita. A azuzuwan Hausa kuwa dirka ake cewa.

Hujjar masu cewa copula ce a bayyane take: "Audu malami ne" tana yin aikin Socrates est homo daidai. Amma akwai bambance-bambance da bai kamata a share su ba. Est aikatau ce, tana canzawa da mai magana da lokaci: sum, es, est, erat, erit. Ne da ce ba aikatau ba ne. Ba sa ɗaukar lamirin lokaci, ba a cewa "ya ne" ko "za ta ce" da wannan ma'ana. "Audu malami ne" tana iya zama yau, tana iya zama bara idan an ce "a da". Abin da suke bi shi ne jinsi da adadi: ce ga mace ɗaya, ne ga namiji da jam'i. Ba kasafai suke zama a tsakiya kamar est a Socrates est homo ba, a ƙarshe suka fi zama. Karin sautinsu ma ba nasu ba ne, yana saɓa wa gaɓar da ta gabace su. Faɗi "yaro ne" ka ji ne ta hau sama, faɗi "jaki ne" ka ji ta sauko.

Sannan suna da wani aiki da est ba ta yi: ƙarfafawa. A "Audu ne ya zo" ba a haɗa Audu da wata siffa ba, an ware shi ne daga sauran mutane. "Kuɗi ne nake so" ma haka. Ra'ayina shi ne, babu laifi a kira su copula idan ana kwatanta harsuna, muddin ba a ɗauka cewa su fassarar est ta Latin ko is ta Turanci ne ba. Malamin da ya koya wa yara cewa "ne" aikatau ce don littafin Turanci ya ce is aikatau ce, ya ɗora wa Hausa nahawun da ba nata ba.

A gefe guda, ba duk Hausa ce ke cewa ne da ce ba. A Sakkwato da wasu sassan yamma, har cikin Nijar, na da ta ake ji. A Zariya da Bauchi, da Hausar zango a Gana, mutane da yawa kan yi amfani da ne ga mace da namiji duka.

Na ji an ce kalmar is tana da ma'ana uku ko huɗu. Yaya abin yake?

Wannan shi ne abin da manɗiƙin zamani ya fi alfahari da ganowa. Gottlob Frege, wanda ya buga ƙaramin littafinsa na alamomin manɗiƙi a 1879, da Bertrand Russell bayansa, sun nuna cewa kalma ɗaya a harsunan Turai tana ɗaukar ayyuka daban-daban. Akwai siffantawa, Sokaratis mai hikima ne. Akwai zama abu ɗaya, Zahra ita ce tauraruwar asuba. Akwai samuwa. Akwai kuma shigar wani rukuni cikin wani, doki dabba ne. Russell ya fusata da lamarin har ya rubuta a 1919 cewa abin kunya ne ga ɗan Adam ya yi amfani da kalma ɗaya ga biyu daga cikin waɗannan ma'anoni. Kowace ma'ana ta sami alamarta. Alamar ∈ da ɗaliban lissafi ke rubutawa don nuna abu yana cikin tari, Giuseppe Peano ne ya kawo ta a 1889, kuma harafin farko ne na esti ta Girkanci.

Abin da Russell bai yi la'akari da shi ba shi ne, ba duk ɗan Adam ne ya yi wannan zaɓi ba. Hausa ta raba ayyukan tun asali. Samuwa tana da akwai da babu. Wuri yana da "yana gida", "tana kasuwa". Mallaka tana da "yana da". Siffantawa tana da ne da ce, ko ma "yana da tsawo", "ya yi kyau". Sauyawa daga hali zuwa hali tana da zama. Zama abu ɗaya kuma sau da yawa yakan zo da wakilin suna, "shi ne sarkin", "ita ce uwar gida", kusan dabarar huwa da mafassaran Bagadaza suka yi. Ba za ka iya zamewa daga "dodo mummuna ne" zuwa "akwai dodo" ba tare da kowa ya ji ka canza kalma ba. Matsalar da ta ci wa Abelard shafuka, rabinta matsalar Latin ce.

Wannan ba ya nufin mai jin Hausa ya tsira daga ruɗu. "Doki dabba ne" da "Akawal doki ne" duk da ne suke, alhali ta farko rukuni ce cikin rukuni, ta biyu kuma ɗaya ne cikin rukuni idan Akawal sunan wani doki ne.

Ina Kant ya shigo?

Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, a littafinsa na 1781 ya soki wata hujja ta samuwar Ubangiji da ake dangantawa ga masana Anselm da Descartes, wadda ke ƙoƙarin ciro samuwa daga ma'anar kalma kaɗai. Ya ce samuwa ba siffa ba ce da ake ƙarawa a kan abu kamar tsawo ko launi, kuma a jimlar hukunci kalmar ist, takwarar est a Jamusanci, copula ce kawai. Misalinsa na kuɗi ne: tsaba ɗari na gaske ba su fi tsaba ɗari na cikin tunani yawa ba ko da ɗaya, duk da cewa aljihu ya san bambanci. Hujjar ya soka, wato hanyar kafa ta, ba samuwar Ubangiji ba, kuma malaman tauhidi da dama a Turai, ciki har da Thomas Aquinas tun ƙarni na 13, su ma ba su karɓe ta ba.

Akwai wasu kalmomi da ake ƙirgawa a matsayin copula ban da esse?

Akwai. A Latin fieri, zama, da videri, yin kama da, da manere, ci gaba da kasancewa, duk suna haɗa suna da siffa, sai dai kowace tana ƙara wata ma'ana tata. Takwarorinsu a nahawun Larabci su ne kana da 'yan'uwanta. A Hausa zama da kasance da koma suna yin wannan aiki: ya zama sarki, ta kasance mai haƙuri, ruwa ya koma ƙanƙara. Waɗannan kam aikatau ne na sosai, suna ɗaukar lokaci, shi ya sa idan ana son a ce abu zai faru nan gaba sai a bar ne a koma gare su: "zai zama likita".

Duk harsuna suna da ita?

Kowane harshe yana da hanyar cewa wannan kaza ne, amma ba kowane ke ware kalma ba. Rashanci yana sauke ta a lokacin yanzu, ya dawo da ita a wanda ya wuce. Sifaniyanci yana da biyu, ser da estar, ta biyun daga stare ta Latin, tsayuwa. Copula ta Sinanci, wadda ake furtawa shi, asalinta nunau ce mai ma'anar wannan. Ita est kanta tsohuwa ce ƙwarai, 'yar'uwar esti ta Girkanci da asti ta Sanskirit da ast ta Farisanci da ist ta Jamusanci, duk daga uwa ɗaya.

Na ga kalmar a littafin ƙididdiga. Ita ce dai?

Aro ne. Abe Sklar, masanin lissafi ɗan Amurka, ya ɗauko ta a wata maƙala da ya buga da Faransanci a 1959, ya sa wa wani tsarin lissafi da ke ɗaure yiwuwar abubuwa daban-daban wuri guda. Wani nau'insa ya yi ƙaurin suna bayan rikicin kuɗi na 2008, saboda bankuna sun dogara da shi wajen auna haɗarin bashin gidaje fiye da yadda ya cancanta.

Idan zan rubuta da Hausa, wace kalma zan yi amfani da ita?

Ya danganta da abin da kake rubutawa. Idan nahawun Hausa ne kuma ne da ce kake nufi, dirka ta wadatar, kuma masu gyaran jarrabawa ita suka sani. Kada ka ce mahaɗi, domin wannan suna an riga an ba wa su da, da amma, da ko. Idan manɗiƙi kake rubutawa ga masu karatun zaure, rabiɗa za su fi ganewa. Idan kuwa kana maganar Latin ko tarihin falsafar Turai, ko kana kwatanta harsuna da yawa, bar ta copula, ka yi bayaninta sau ɗaya a farko, jam'inta kuma ka rubuta copulae.